Bin Layi da Sanin Iyaka: Yadda Ake Rubuta Direban Faifai Mai Shiyyoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon kafinta na buga kwanon rufi ya san daga ƙasa ake farawa. A shimfiɗa na farko, na biyu ya hau gefensa, na uku ya hau na biyu, har a kai ƙololuwa. In an gama aka ce a ciro na tsakiya, sai an taɓa wanda ya danne shi. Haka faifan kwamfuta nau'in SMR yake rubutu. Kan da ke rubutawa ya fi kan da ke karantawa faɗi, saboda haka masu ƙera faifai suka matse layukan, kowane sabon layi yana hawa gefen na baya. An samu ƙarin wuri, amma ba dama a koma tsakiya a gyara ba tare da an ɓata na gaba ba. Sai aka yanka faifan gida-gida, kowane gida shiyya ce, galibi mai girman MiB 256, aka ce a cikin shiyya rubutu daga farko zuwa ƙarshe yake tafiya, babu tsallake, babu komawa baya. Ƙa'idar da ta tsara wannan a ɓangaren SCSI ita ce ZBC, a ɓangaren SATA kuma ZAC. A 2020 aka amince da ZNS, wadda ta kawo tsarin ga faifan NVMe marasa juyawa, domin su ma ƙwayoyin ajiyarsu ba a rubuta musu sabo sai an goge babban yanki gaba ɗaya.

Wannan jagora ta mai rubuta direba ce a Linux, wato manhajar da ke tsaye tsakanin kanel da na'ura, da kuma wanda aka ba irin wannan direba ya gyara. Mutane kan ɗauki jerin rubutu da iyakar girman buƙata a matsayin darasi biyu. Ni a wurina abu ɗaya ne: duk inda aka yanka buƙata, an haifi jeri, kuma duk jerin da aka haifa akwai wanda zai iya birkita shi.

Manunin rubutu

Kowace shiyya mai bin jeri tana da manuni ɗaya da na'urar ke riƙe da shi, wanda ke nuna sektar da rubutu na gaba zai fara. Kafin ka taɓa komai, je ka gan shi da idonka. Umarnin blkzone report daga kunshin util-linux zai fito maka da layi irin wannan:

start: 0x000080000, len 0x080000, cap 0x080000, wptr 0x000008, zcond: 2(oi)

Sashen bulok na kanel yana lissafi ne da sekta mai bayit 512, ko da na'urar da bulok mai bayit 4096 take aiki. To 0x80000 sekta 524288 ke nan, MiB 256 cif. Shiyyar ta fara a 524288, manuninta ya matsa da sekta 8, wato an rubuta KiB 4, kuma tana buɗe ne saboda rubutun da ya shige ta, ba don an ba da umarnin buɗewa ba. Rubutu na gaba dole ya fara a 524296. In ya fara a 524304, faifan SMR zai mayar da shi da kuskuren da SCSI ya ba lambar 21h/04h, faifan ZNS kuma da lambar BCh. Babu abin da ya sauka, manuni bai motsa ba. Hanya ɗaya ce ta mayar da manuni baya, ita ce a goge shiyyar dungurungum.

Lura da len da cap. A nan sun yi daidai, amma a ZNS ba lallai ba ne. Linux yana son girman shiyya ya zama ninkin biyu-biyu, domin gano shiyya daga lambar sekta ya zo da sauƙi, ƙwayoyin ajiya kuwa ba su san da wannan ba. Faifan ZN540 na kamfanin Western Digital girman shiyyarsa GiB 2 ne, amma MiB 1077 kawai ake iya rubutawa a ciki. Kanel yana yanka buƙata a bakin shiyya, ba a bakin abin da take iya ɗauka ba. Saboda haka report_zones na direbanka, wato aikin da ke ba kanel bayanin shiyyoyi, sai ya ba da duka biyun daidai, in ba haka ba tsarin fayil zai yi ta tura rubutu cikin ramin da babu komai, na'urar na mayar da shi da lambar B8h.

Inda jeri ke birkicewa

A ce manhaja ta aiko da rubutun MiB 1 a farkon waccan shiyya tana fanko. Sekta 2048 ke nan. Na'urarka kuwa ba ta karɓar fiye da KiB 128 a umarni ɗaya, wato sekta 256. Sashen bulok zai yanka rubutun gida takwas: na farko a 524288, na biyu a 524544, na uku a 524800, haka har na takwas. A faifai na gama-gari ba ruwan kowa da wanda ya riga isa. A nan kuwa, in na biyu ya riga na farko, an mayar da shi. Na farko ya iso ya sauka, manuni ya koma 524544. Na uku ya zo da 524800, an mayar da shi. Sauran biyar ɗin ma haka. Tsallake ɗaya ya ci bakwai cikin takwas, alhali manhajar rubutu guda ta yi, kuma a daidai wurin ta yi shi.

Ƙofofin da tsallaken ke shigowa suna da yawa. Tsarin blk-mq yana da layin jira ga kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa, kuma faifan NVMe na ɗibar umarni daga layuka da dama ba tare da alkawarin wanda zai fara ba. Mai tsara jadawalin buƙatu aikinsa ke nan, sauya jeri don a yi sauri. Faifan SATA mai NCQ yana riƙe umarni har 32 ya zaɓi wanda ya ga dama. Sannan ga wadda ta fi ɓoyewa: na'ura ta ce ta cika, a mayar da buƙata layi, wadda ke bayanta ta wuce.

Maganin da Linux ya zaɓa shi ne kada a bar rubutu fiye da ɗaya na shiyya guda a hannun na'ura a lokaci ɗaya. In ɗaya ne a hanya, babu wanda zai riga shi. Tallafin faifai mai shiyyoyi ya shiga kanel a 4.10 cikin 2017, a 4.16 kuma aka saka kulle na kowace shiyya a cikin mai tsara jadawali, abin da ya ɗora nauyin duka a kan mq-deadline na tsawon shekaru. In kana aiki da kanel da bai kai 6.10 ba, buɗe fayil ɗin scheduler da ke cikin /sys/block, ƙarƙashin sunan faifan da queue, ka tabbatar mq-deadline ne aka zaɓa. Ka kula musamman da NVMe, domin su yawanci ba sa tashi da mai tsara jadawali ko ɗaya.

A 6.10, cikin 2024, Damien Le Moal ya sauya tsarin. Yanzu a block/blk-zoned.c ake tare rubutu tun yana bio, kafin ya zama buƙata. Shiyyar da ake rubuta wa tana samun matoshi nata: rubutu na farko ya wuce, sauran su jira a bayansa, in ya kammala a saki na gaba, waɗanda ke manne da juna kuma a haɗe su su tafi tare. Wannan ya fi na da nesa ba kusa ba, don bai dogara da mai tsara jadawali ba, kuma ya game na'urorin device mapper da ba sa bi ta blk-mq.

Sai dai kariyar kanel tana ƙarewa ne a ƙofar direbanka. Ga abin da ya taɓa faruwa da ni. Ina gyaran wani ƙaramin direba da ke isar da buƙatu ga na'ura ta wata kafa mai ɗaukar KiB 64 kacal. Direban ya shaida wa kanel cewa yana karɓar KiB 512, sannan a ciki ya yanka kowace buƙata gida takwas ya watsa wa zaren aiki guda huɗu. A faifai na gama-gari ya daɗe yana aiki lafiya lau. Da aka ɗora shi kan faifai mai shiyyoyi, ƙananan rubuce-rubuce suka wuce sumul, manya kuwa sukan faɗi sau ɗaya a cikin ɗaruruwa, kuma sai injin na cikin hidima. Kwana biyu ina zargin na'urar. Ruwa ba ya tsami banza: da na sa direban ya riƙa buga lambar sektar kowane yanki a daidai lokacin fitarsa, sai ga na huɗu a saman na uku. Kanel ya miƙo buƙata ɗaya kamar yadda ya yi alkawari, direban ne ya mayar da ita takwas a bayan idonsa. Gyaran layi guda ne: max_hw_sectors, wato iyakar da direba ke shaida wa kanel, ya koma sekta 128, yankan ciki ya fita.

Daga nan na riƙe ƙa'ida ba na sakinta. Direba ya faɗi gaskiyar abin da na'urarsa ke ɗauka, ya bar yanka ga sashen bulok, wanda ya san shiyyoyi kuma yake riƙe da matoshi. In dole ta sa sai ka yanka a ciki, to yanki ɗaya ya tafi, ya dawo, sannan na gaba.

Haka batun cikar na'ura. In babu gurbi, queue_rq na direbanka, wanda ta nan kanel ke miƙo buƙata, ya dawo da BLK_STS_RESOURCE ko BLK_STS_DEV_RESOURCE, kanel ya riƙe buƙatar ya sake kawowa. Tunda ba ta kammala ba, shiyyarta na nan a toshe, babu mai wuce ta. Kada kuma ka ce buƙata ta kammala alhali tana cikin wani jerin sirri naka ba ta isa na'ura ba. Da zarar ka faɗi haka kanel zai sako ta gaba, ka zama kai kaɗai ke riƙe da jeri.

Iyakokin da za ka bayyana

A NVMe iyakar umarni ɗaya tana cikin filin MDTS, wanda nvme id-ctrl ke nunawa. Ba adadin bayit ba ne. Ana ninka ƙaramin shafin na'urar da biyu har sau adadin MDTS. Shafi mai KiB 4 da MDTS 5 sun ba da KiB 128. Sifili kuma na nufin na'urar ba ta sa iyaka ba, ba wai ba ta karɓar komai ba. Daga nan max_hw_sectors ke fitowa, in kafar direban ba ta fi haka ƙunci ba.

Wanda aka fi mantawa shi ne max_segments. Bayanan buƙata ba lallai su kasance jere a ƙwaƙwalwar ajiya ba. KiB 128 a shafuka masu KiB 4 da ke warwatse yanki 32 ne, in kuma bayanan ba su fara daga bakin shafi ba, 33. Na'urar da jerin adireshinta ke ɗaukar 32 za ta karɓi na farko, na biyu kuwa sai an yanka, alhali girmansu ɗaya. Irin wannan ne ke sa kuskure ya zo yau ya ɓace gobe, domin ya dogara da inda aka samu gurbi a ƙwaƙwalwa.

Sai chunk_sectors, wanda a wannan faifai girman shiyya ne, shi ke hana buƙata ta haye daga shiyya zuwa wata. Sai zone_write_granularity, mafi ƙanƙantar abin da ake iya rubutawa a shiyya mai jeri. Faifan SMR na iya cewa sektarsa bayit 512 ce amma ya ƙi rubutun da bai cika 4096 ba, domin ba shi da damar karanto bulok ya gyara rabi ya mayar. Akwai kuma max_open_zones da max_active_zones. Faifan SMR da yawa suna barin shiyya 128 a buɗe, ZN540 kuwa 14 kawai. In na'ura ta ƙi rubutu saboda an wuce waɗannan, kada ka mayar da shi kuskure na gama-gari. Akwai BLK_STS_ZONE_OPEN_RESOURCE da BLK_STS_ZONE_ACTIVE_RESOURCE, da su manhaja za ta gane cewa rufe wata shiyya ko cike ta ne magani, ba faifan ne ya mutu ba.

A sababbin kanel duk waɗannan a cikin queue_limits ake zuba su, tare da tutar BLK_FEAT_ZONED. Bayan an sa girman faifan sai a kira blk_revalidate_disk_zones, wanda zai bi shiyyoyin ta report_zones ɗinka ya tabbatar girmansu ɗaya, ban da ta ƙarshe da aka yarda ta gaza, kuma babu giɓi a tsakani. In ya ƙi, kada ka fito da faifan a hakan.

Rubutun ɗorawa

Rubutu ɗaya a hanya ga kowace shiyya yana da tsada, musamman a NVMe da saurinsa ke zuwa daga yawan umarni a lokaci guda. Shi ya sa ZNS ta zo da umarnin ɗorawa, wanda kanel ya sani da REQ_OP_ZONE_APPEND tun 5.8. Kamar mai kai buhu sito ne: ba ka cewa a ajiye shi a kusurwa kaza, ka miƙa kawai, mai sito ya ɗora a inda tulin ya tsaya ya ba ka rasit mai lambar wurin. Mai rubutu yana ba da sektar farkon shiyya, na'urar ta sa bayanan a inda manuni yake, ta dawo da ainihin sektar. Goma na iya tafiya tare, kowanne ya sauka yadda ya iso. Direban blk-mq shi ke da alhakin sa wannan lamba a cikin __sector na buƙatar kafin ya kammala ta. In ya manta, rubutu zai yi nasara, tsarin fayil ya adana adireshin da ba shi ba, ba wanda zai sani sai ranar karatu.

A nan ne iyakar girma ta zama doka mai tsauri. Ba a yanka ɗorawa. Rasit ɗaya ne, in aka raba buhu biyu, wani na iya shiga tsakaninsu, rabi na biyu ma na iya riga na farko, lamba ɗaya ba za ta nuna wuri biyu ba. Saboda haka ɗorawar da ta wuce iyaka kanel mayar da ita yake da kuskure. Iyakar a NVMe ita ce ZASL, da nvme zns id-ctrl ke nunawa, lissafinta irin na MDTS, in sifili ce kuma MDTS ke aiki. Kanel yana ɗaukar mafi ƙanƙanta tsakanin wannan, da max_hw_sectors, da girman shiyya, ya nuna shi a zone_append_max_bytes. Amma wannan lamba ba ta san da max_segments ba. Tsarin fayil na btrfs, wanda ya samu tallafin shiyyoyi a 5.12, yana ƙara rage ta da adadin yankuna sau girman shafi, don kada ya gina ɗorawar da ba za ta shiga ba. Duk mai gina bio na ɗorawa da hannunsa ya yi koyi da wannan.

Faifan SMR ba shi da umarnin ɗorawa. Daga 6.10, in direba ya bar iyakar ɗorawa a sifili, sashen bulok ne ke kwaikwayo: ya mayar da ita rubutu na yau da kullum a inda ya san manuni yake, ya dawo da sektar. Kada ka sake gina wannan a direbanka. Misalin dm-crypt na da amfani a nan. Yana amfani da lambar sekta wajen rufa bayanai, to dole ya san wurin kafin rubutu, ɗorawa ta gaskiya kuwa sai bayan rubutu take faɗin wuri. Don haka yake neman a yi masa kwaikwayon ko da na'urar da ke ƙasa ta iya ɗorawa. In direbanka yana sauya bayanai gwargwadon inda za su sauka, hanyarka ke nan.

Kada kuma a gauraya ɗorawa da rubutu na yau da kullum a shiyya guda a lokaci ɗaya, domin ɗorawa na matsa manuni ba tare da mai rubutun ya sani ba.

In rubutu ya faɗi

Direbobi sun saba sake aika umarnin da ya daɗe bai dawo ba. A nan ka yi hattara. Mai yiwuwa rubutun ya sauka, amsar ce ta ɓace, to maimaicin zai tarar manuni ya wuce a mayar da shi. Mai yiwuwa rabi ya sauka, manuni na tsakiya. In ɗorawa ce, maimaicin zai yi nasara, bayanan su zauna sau biyu, shiyya ta cika kafin lissafin tsarin fayil ya kai. Direba ba shi da hurumin yin hasashe. Ya kai kuskuren sama, rubuce-rubucen da ke jira a bayansa su faɗi tare da shi, mai shiyyar ya tambayi na'ura inda manuni yake ya ci gaba daga nan, ko ya goge ta. Wannan ya sa report_zones ɗinka dole ya riƙa kawo halin da na'urar ke ciki yanzu, ba abin da ka adana tun ɗazu ba.

Gwaji

Ba sai kana da faifan ZNS a hannu ba. Direban null_blk da zoned=1 yana ba ka faifan gwaji, ka zaɓi girman shiyya da abin da take ɗauka da adadin buɗaɗɗu, kuma in an kunna masa allurar kuskure yana mayar da buƙatu layi da gangan. Akwai scsi_debug mai kwaikwayon ZBC, QEMU kuma na kwaikwayon ZNS har da ZASL ɗin da ka ga dama. Ni nakan sa iyakokin su zama ƙanana ƙwarai, kamar KiB 16, don kusan kowane rubutu ya sha yanka.

Daga nan sai fio da zonemode=zbd da direct=1. Rubutun kai-tsaye wajibi ne, domin ma'ajiyar shafuka ta kanel ba ta alkawarin zubar da bayanai a jere, shi ya sa zonefs ma, da ya shigo a 5.6, ba ya karɓar wani iri a fayilolin jeri. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: gwajin buƙata ɗaya-ɗaya a inji marar aiki ba ya nuna komai. Ka ɗaga iodepth zuwa 32, girman bulok ya ninka max_sectors_kb sau da yawa, ka sa ayyuka da dama su bi shiyyoyi daban-daban, ka cika ƙwaƙwalwar sarrafawa da wani aiki a gefe, ka kunna verify don a karanto abin da aka rubuta. Ka bi da rukunin zbd na blktests, sannan ka ɗora btrfs ko f2fs ka cika faifan har sai an fara goge shiyyoyi ana sake amfani da su. In wani abu ya faɗi, kafin ka goge komai ka ɗauki blkzone report na shiyyar, ka ajiye shi kusa da abin da blktrace ya kama. Tazarar da ke tsakanin inda manuni ya tsaya da sektar da aka mayar, in ka raba ta da girman yanki, za ta gaya maka yanki nawa aka tsallake.